Ɓarauniyar Hanyar Iska A Jikin Kafireta

Ga mu a filinmu na gyaran injuna a gida. Kanikawa da ke gareji, sannunku da aiki. Direbobi da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. Manoman rani da ke bakin fadama kusa da injin ban ruwa, ku ma ku matso da akwatin rediyon, yau da ku a cikin zancen.

Maganar kafireta za mu yi, amma ba dukkanta ba. Wuri ɗaya za mu tsaya a kai, wurin da bai fi kaurin fensir ba: sandar totur da ramin da take juyawa a ciki. Sau da yawa a nan cutar take, amma sai ka ga an bar jaki ana dukan taiki.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Marigayi mahaifinmu yana da Peugeot 504, Fijo ɗin nan da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. Da ta tsufa sai ta fara wani hali. In ka tayar da ita da safe ta yi silo daidai, wato juyin inji ba a taka totur ba, in ta yi zafi silon ya haura. Ka taka totur ka sake, wani lokaci ta dawo inda take, wani lokaci ta maƙale a sama tana ihu, wani lokaci kuma ta faɗi ta mutu a tsakiyar mahaɗa, ana ta danna maka hon. Ni kuwa lokacin ina ji da ƙuruciya. Na sayo ƙunshin kayan gyaran kafireta, na shimfiɗa buhu a zaure, na warware ta gunduwa-gunduwa, na wanke, na hura kowane jet, na canza gasket da allura, na saita fulot, na mayar. Shiru. Na sake. Sai da na yi haka sau uku.

Da na gaji na kai ta wurin wani dattijon bakanike, abokin mahaifina. Bai ko ɗauki sifana ba. Ya cire sifirin ɗin da ke mayar da totur, ya kama hannun sandar da yatsu biyu, ya girgiza sama da ƙasa. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar, ƙas, ƙas, ƙas.

Ya ce, “Yaro, sau nawa ka ce ka wanke ta?”

Na ce, “Sau uku, Baba.”

Ya ce, “To, sannu. Ka share ɗaki tas, ka bar taga a buɗe.”

Sai ya lakato giris da ɗan yatsa, ya shafe bakin sandar ta ɓangarorin biyu, ya ce in tayar. Motar da ta yi wata uku tana wahalar da mu ta kwanta tana silo lumui, kamar ba ita ba. Ya ce mini kada in yi murna, giris ɗin ba magani ba ne, shaida ce kawai. Kafin mu kai gida zafi zai narkar da shi, inji ya zuƙe.

To, me ya faru a wurin? Sai mun leƙa cikin kafiretar.

Injin fetur ba fetur zalla yake ƙonawa ba. Iska yake sha da ɗan fetur a ciki, kuma in ana son ƙuna mai kyau, kowane kilo ɗaya na fetur yana neman iska kilo 14.7. Duk aikin kafireta shi ne awon nan. Iska tana shigowa ta sama, ta bi ta wani maƙogwaro da aka tsuke, gudunta ya ƙaru, ta ja fetur daga jet ta tafi da shi. A ƙasan maƙogwaron akwai wani ɗan faifai mai zagaye, kanikawa suna ce masa bataflai, an ɗaure shi da sukuru biyu a jikin sanda. Sandar ta ratsa gangar jikin kafireta daga wannan gefe zuwa wancan. In ka taka totur, sandar ce ke juyawa, faifan ya buɗe, iska ta wuce.

Yanzu ku lura da nan. Sa'ad da mota ke silo, faifan kusan a rufe yake. Fistin yana ta ja daga ƙasa, ƙofa kuma a rufe, saboda haka zuƙar da ke ƙarƙashin faifan tana da ƙarfi sosai a wannan lokaci. Lafiyayyen inji in aka sa masa ma'aunin zuƙa yakan nuna inci 17 zuwa 21, a tudu irin na Jos ya ɗan gaza haka. Iskar da injin ke bukata a silo kuwa 'yar kaɗan ce. To ga zuƙa mai ƙarfi, ga rami ya buɗe a gefen sanda, daidai bakin faifan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iska ta kutso ta nan, ba ta bi ta maƙogwaro ba, ba a auna ta ba, ba ta ɗauko fetur ko ɗigo ba. Haɗin ya tsinke, kamar kokon da aka cika wa ruwa.

Shi ya sa a kan babban titi ba ka jin komai. In faifai ya buɗe, iskar da ke wucewa ta gaskiya ta yi yawan da 'yar ɓarauniyar ba ta da tasiri. A silo da farkon taka totur take nuna hali. Kuma ba iskar kaɗai ba ce. Sandar da ke lilo ba ta mayar da faifai wuri ɗaya sau biyu. Yanzu ya zauna nan, an jima ya zauna can, shi ne za ka saita silo da safe, da azahar ka tarar da wani silon daban.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake rufe matsalar. A kwance sukurun haɗi a ƙara fetur har injin ya daina mutuwa, a ɗaga silo, a ce an gyara. Mota ta tashi, gaskiya ne. Amma yanzu tana tsaye ma tana shan mai fiye da ƙa'ida, ramin kuma yana nan yana ƙara faɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa ke da fetur ɗin da zai riƙa yi wa rami sadaka?

Me ke cinye wurin? Gangar jikin kafireta da ƙarfe mai laushi ake zuba ta, alminiyam ko haɗin tutiya. Sandar kuwa ƙarfe ce ko tagulla. A kafiretoci da yawa masana'anta ba su sa komai tsakanin su biyun ba, sandar a jikin gangar take gogawa kai tsaye. Lissafa sau nawa direban tasi ke taka totur a yini ɗaya cikin cunkoson gari, ka ninka da shekara ashirin ko talatin. Ga sifirin yana jan sandar gefe guda dare da rana, shi ya sa ramin ba ya faɗaɗa a zagaye, sai ya koma kamar ƙwai, kuma ɓangaren da wayar totur take ya fi cinyewa. Mu kuma nan muna da ƙari a kan na kowa: ƙurar hunturu. Zuƙar nan tana jan ƙura cikin ramin, ƙurar ta haɗu da danshin mai ta zama kamar garin wasa wuƙa. Rami ya buɗe, ƙura ta ƙara shiga, ta ƙara ci. Wannan ƙurar fa ba ta bi ta matatar iska ba, kai tsaye cikin silinda take zarcewa.

Ba cutar ƙasarmu kaɗai ba ce. A Amurka kafiretar Quadrajet, wadda kamfanin General Motors ya fara sa wa motocinsa a 1965, ta yi suna da wannan lalura, har akwai masu sayar da kayan aikin gyaranta musamman. Haka kafiretar SU ta tsofaffin motocin Ingila, haka Solex ta Volkswagen Beetle, wadda ita ma aka harhaɗa a Legas. Su can tun farkon shekarun 1990 sababbin motocinsu suka bar kafireta, yanzu masu sha'awar tsofaffin motoci ne ke wannan aiki a garejin gida ranar hutu. Mu kuwa da ita ake neman abinci: tsofaffin a-kori-kura masu kai kaya kasuwannin ƙauye, janareto, injin ban ruwa, injin niƙa.

Masu babur, ku yawancinku kafiretarku ba ta da wannan sanda. Wani ɗan silinda ne ke hawa da sauka da allura a gindinsa, cinyewarsa daban ce, za mu ware mata rana. Masu janareto da injin ban ruwa kuwa, taku tana da ita, kuma gwamnan injin, mai daidaita gudunsa, ba ya barin ta ta huta ko daƙiƙa ɗaya. Sai dai in janareto yana hawa yana sauka, a fara duba ƙaramin jet na silo, don shi ya fi yawan toshewa. In an wanke shi abin bai daina ba, a girgiza sandar.

Yaya za ka tabbatar? Gwajin farko shi ne na dattijon nan. Inji a kashe. Cire wayar totur da sifirin, don in sifirin yana ja ba za ka ji lilon ba. Ka ɗan buɗe totur, saboda faifai in yana rufe yakan riƙe sandar ya ɓoye laifin. Sannan ka girgiza sama da ƙasa, gaba da baya. Motsin shiga da fita ta tsawon sandar ba shi muke nema ba, ɗan wannan dama akwai shi. Na gefe muke nema. Sabuwar kafireta ma tana da ɗan sarari, wajen milimita 0.03 zuwa 0.05, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, in babu shi sandar ba za ta juya ba. In sararin ya wuce kaurin takardar littafi, wato milimita 0.1, har ido yana ganin motsin, kunne yana jin ƙarar, to an zo wurin.

Na biyu shi ne giris, kuma shi na fi so, don ba ya kama wuta. Akwai masu fesa maganin wanke kafireta ko ɗiga fetur a bakin sandar inji yana aiki, su saurari ko muryarsa za ta canza. Gwajin yana aiki, amma fetur ne a kan inji mai zafi kusa da wayoyin fulogi. Na san wanda ya rasa gashin gira a haka, kuma ya yi arha. In dole sai ka yi, a fili, ba sigari, ga bokitin yashi a kusa.

Kafin ka yanke wa sandar hukunci kuma, duba gasket ɗin gindin kafireta da ƙananan tiyo na roba da ke manne da manifol. Su ma in sun tsage alamunsu ɗaya ne, gyaransu kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Za mu ɗan shaƙata, in mun dawo sai aikin kansa.

(Kiɗa)

Madalla. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna maganar sandar totur ta kafireta da yadda ake sa mata bushin in raminta ya cinye.

Bushin ɗan bututu ne na tagulla. Dabarar ita ce a faɗaɗa bakin ramin da ya lalace, a dasa bututun a ciki, sandar ta koma juyawa a cikin sabon gida daidai jikinta. A baki abu ne mai sauƙi. A hannu kuwa, nan ne ake gyaran gangar Auzinawa, a tashi gyara a ƙarasa ta.

Fara da waya. Ɗauki hoton kowane gefe kafin ka kwance komai. Sannan ka sa tsinin ƙusa ka yi wa faifan 'yar alama, ka san wane gefe ne sama, wane ne ke fuskantar ina. Bakin faifan nan ba a miƙe aka yanke shi ba, a karkace yake, don ya kwanta daidai jikin maƙogwaro. In ka juya shi ba zai taɓa rufewa ba. In kafiretar mai baki biyu ce, kada faifan dama ya koma hagu.

Sai sukurori biyun nan, waɗanda suka sa manya kuka. Juya sandar ka dubi bayansu. Za ka ga an daddaƙe wutsiyarsu ta baje, ko an tsaga ta an buɗe. Da gangan masana'anta suka yi haka don kada su kwance su faɗa cikin inji. In ka sa sukundireba ka murɗa da ƙarfi a haka, ɗayan biyu ne: ko kan sukurun ya guntule ya bar maka gindinsa a cikin sanda, ko ya fito ya tafi da zaren ramin. Ɗauki ƙaramin magagari ka goge wutsiyar har ta yi daidai da jikin sanda. Sa ɗan katako a ƙarƙashin sandar ya tallafe ta, don in ka danna ba tallafi za ta lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani amma faifai yana ji. Sukundireban ya cika bakin sukurun, ba ƙarami ba, ba mai cinyayyen baki ba. Ka murɗa kaɗan, ka mayar, ka ɗiga mai, ka sake. Minti goma a nan ya fi yini guda kana yawon neman wanda zai haƙo maka karyayyen sukuru.

Faifai ya fita. Kafin ka zare sandar, shafa ta da yatsa, ka goge duk wani ƙaiƙayin ƙarfe da ke bakin ramukan sukuru, kada ya karce hanya yana fita.

Yanzu dubi sandar kanta da kyau. Ja farce a inda take gogawa. In farcen ya maƙale a wani ɗan tudu, ita ma ta cinye, kuma sabon bushin a kan cinyayyar sanda rabin aiki ne: ɓangaren da bai cinye ba shi zai fara ratsa bushin ɗin, in ya wuce sai siririn wurin ya zo ya zauna yana lilo kamar da. A kafiretocin da sandarsu ta tagulla ce, irin SU, sau da yawa sandar ta fi ramin cinyewa, har sabuwar sanda kaɗai takan rage matsalar sosai. Mirgina ta kuma a kan gilashi, in tana ɗingishi ta lanƙwashe. A nemo wata, ko a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da sabuwa.

Ga wani tarko da ya kamata ku riƙe. Kafiretocin Amurka da Ingila da yawa sandarsu inci 5/16 ce. Na Turai irin Solex da Weber da yawa milimita 8 ce. A ido ɗaya suke. Amma inci 5/16 milimita 7.94 ne. In ka sa bushin na milimita 8 a kan sandar 5/16, ka fara da sararin 0.06 tun ba a tayar da inji ba, wato ka sayi rabin cutar da kuɗinka. Kada ka yarda da “ai duk ɗaya ne” a bakin mai shago. Tafi da sandar a aljihu, a auna a gabanka.

To, faɗaɗa ramin. Duk shirin yau saboda wannan gaɓar na yi shi. Ramukan biyu, na dama da na hagu, dole su kasance a kan layi ɗaya, kamar an zare igiya ta cikinsu. In ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi ne, sandar za ta cije, ko faifan ya koma gefe ya ƙi rufewa. Totur mai cijewa kuwa ba maganar silo ba ce kuma, maganar rai ce: ka ɗaga ƙafa mota ta ƙi sauka.

Saboda haka ina roƙonku, kada a ɗauki injin huda na hannu da bakin huda na yau da kullum a zura. Bakin huda yana bin ramin da ya tarar, ramin kuwa mun ce ya zama ƙwai, ya karkata gefen da sifirin ke ja. Zai bi karkatar ya ƙara mata, kuma ramin da zai bari ba zagayayye ba ne sosai. Abin aikin da ya dace shi ne rima mai jagora. Wani dogon ƙarfe ne, gabansa sumul daidai kaurin sandar, haƙoransa suna baya. Gaban yakan ratsa ramin nan ya wuce ya shiga na can gefen, ya riƙe layi, sannan haƙoran su fara ci. Da hannu ake juya shi, a hankali, da ɗigon mai, kullum ta gefe ɗaya, ba a mayar da shi baya don haƙoran kan dakushe. Ka yi gefe ɗaya, ka dasa bushin ɗinsa, sannan ka juyo ɗaya gefen, sabon bushin ɗin ya zama jagora.

Kuma kada ka fasa har cikin maƙogwaro. Auna tsawon bushin, ka naɗa salatif a jikin rimar daidai nan, in ka iso alamar ka tsaya. A bar ɗan bango na asalin ƙarfen, kamar milimita ɗaya ko biyu, tsakanin bushin da maƙogwaro. Dalili biyu ne. Bangon yana tare bushin kada ya zarce ciki. Sannan bakin faifai a jikin wannan wuri yake kwanciya, in ka fasa shi ka buɗe wata sabuwar hanyar iska da babu bushin ɗin da zai toshe ta. Duba kuma ko akwai wata siririyar hanyar mai ko ta iska da ta gifta kusa, kada rima ta faɗa mata.

In ba ka da rima mai jagora, kuma na san yawancinmu ba mu da ita, babu abin kunya. Yi duk sauran aikin a gida, wannan gaɓa ɗaya ka kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, irin waɗanda ake samu a wajen Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Su za su iya fitar maka da bushin ɗin ma daga guntun tagulla. Ka dai gaya musu abu biyu da bakinka: layi ɗaya, kuma kada a fasa ciki.

Bushin yakan fi raminsa kauri da ɗan kaɗan, kamar milimita 0.02 zuwa 0.05, don ya kama da kansa. Wanke ramin, ka shafa ɗigon gam ɗin ƙarfe irin Loctite a bayan bushin, ban da cikinsa. Zura tsohuwar sandar ta zama jagora, ka tura shi a miƙe. Matsa shi a hankali da matsin kan benci ya fi duka. In guduma ce kaɗai gare ka, ƙarama, da wani abu mai laushi a tsakani, kuma gangar tana kan katako. Ƙarfen kafireta ba ya lanƙwasa ya ba ka haƙuri, tsagewa yake.

Bayan an dasa, cikin bushin yakan ɗan tsuke. Gwada sandar. Abin da ake so, ta juya da yatsu biyu ba cijewa, ka girgiza ba ƙara. In ta yi tauri, a bi da rima daidai kaurin sandar ta ratsa duka biyun a tare. Kada ka naɗe takardar yashi a tsinke ka dinga cusawa, za ka buɗe bakin ka bar tsakiya. Daga nan wanka: kowane ɓurɓushin tagulla da alminiyam ya fita, a hura kowace hanya da iska. Wankin nan a tsakar gida nesa da murhu, ba a ɗaki ba, yara kuma su matsa.

Mayar da faifai shi ma yana da sirri. Sa shi yadda alamarka ta nuna, ka ɗaura sukurorin sako-sako. Kwance sukurun silo har ya daina taɓa komai. Sai ka rufe totur, ka ɗan ƙwanƙwasa faifan da gindin sukundireba ya nemi mazauninsa da kansa. Ɗaga kafiretar ka kalli rana ta cikinta. In ka ga haske kamar jinjirin wata a gefe ɗaya, bai zauna ba, sake. In hasken ya zama siririn zare daidai ko'ina, ko babu shi, riƙe shi a rufe ka ɗaure. Buɗe ka rufe sau ashirin, ka tabbata ba inda yake kamawa.

Sababbin sukurori za ka sa, da gam ɗin zare, ko ka sake daddaƙe wutsiyarsu da sanda a kan tallafi. Kada ka ce ai na ɗaure tam. Sukurun nan bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, amma in ya kwance hanyarsa ɗaya ce: manifol, bawul, kan fistin. Daga gyaran kafireta sai ka koma sauke inji.

Wasu za su ce, Malam, duk wannan wahala, ba sai a naɗa zare ko leda ba, ko a cusa 'yar roba? Na gani, na kuma yi. Zare da giris za su kai ka gida in dare ya yi maka a hanya. Zoben roba a bakin sanda yakan rage iskar na ɗan lokaci, amma bai hana lilo ba, faifai yana nan yana yawo. Gam mai ƙarfi kuwa da ake cusawa cikin ramin, ranar da ya ɓalle ko ya riƙe totur, ba za ka so kana cikin motar ba.

Wani kuma zai ce a sayi sabuwa kawai. A ƙaramin janareto ko injin ban ruwa, na yarda, sau da yawa sabuwar kafireta ta fi aikin arha, sai dai ka girgiza sandarta tun a shago, don na taɓa ciro sabuwa fil daga kwali tana lilo. Amma tsohuwar Solex ta asali da ke kan Fijo, ni a ganina a gyara ta. Jet ɗinta da hanyoyinta an auna su ne daidai da wannan injin, abin da ba kullum ake samu a kwaikwayo ba. Kuma sandar da ke juyawa cikin tagulla ta fi wadda ke gogar alminiyam daɗewa, wato in aikin ya yi kyau, ta fi yadda ta fito daga masana'anta.

Da ka ɗora ta a kan inji, ka tuna duk saitin da ke jikinta na da saitin ƙarya ne, an yi shi don a rufe ɓarauniyar hanya. Sabon gasket a gindi, a ɗaure notina bi da bi, ba a gama da ɗaya a koma ɗaya ba. Mayar da sukurun haɗi ciki har ya taɓa a hankali, kada ka matse, tsininsa yana lalacewa. Sai ka kwance shi zagaye biyu a matsayin mafari. Tayar, bari inji ya yi zafi sosai, ka tabbata taimin daidai yake, sannan ka saita. Yanzu za ka ji abin da ba ka ji da ba: rabin zagaye kaɗai ka juya, muryar inji ta amsa. Yawancin waɗannan tsofaffin motoci silonsu yana wajen zagaye 800 zuwa 900 a minti.

Sai sifirin. Na sha ganin an ɗaura sifirin mai taurin gaske, wani har biyu, wai don totur ya riƙa dawowa. Shi ne ke cin ramin. Sa mai ƙarfin da zai rufe totur tabbas, ba fiye ba, a mazauninsa na asali. Kafin ka hau titi, inji a kashe, wani ya taka totur har ƙasa ya sake, kai kana kallo da idonka faifan ya buɗe duka ya kuma rufe duka. Duk sa'ad da ka canza baƙin mai, goge ƙurar bakin sandar da tsumma.

Fijon mahaifinmu, bayan an sa mata bushin biyu da ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, ta yi shekaru tana kai mu ƙauye ba a sake taɓa sukurun silonta ba, har aka sayar da ita.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mai mota, mai janareto, mai injin ban ruwa, kafin ka ba da kuɗin ƙunshin kayan gyara a wannan mako, je ka cire sifirin, ka ɗan buɗe totur, ka kama sandar nan da yatsu biyu ka girgiza. Abin da ka ji, ka aiko mana da shi, za mu karanta a shiri na gaba.